Abubuwa Huɗu da Na Tono a Kufan Kakanninmu

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da na yi a ƙauyenmu shekarar da nake aji biyu a kwalejin horar da malamai, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen garin ne ba su ba ni haɗin kai ba.

A Kumbotso aka haife ni, a can na tashi. Ƙauyen mahaifina yana tsakanin Kura da Bunkure, cikin gonakin noman rani, kuma ba na zuwa sai da salla ko hutu. In na zo, gidan Baffa Sale nake sauka, wan mahaifina. Mutum ne mai sanyin magana, shi ke jan salla a masallacin unguwa in liman ya yi tafiya. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Abin da na sani game da noma a lokacin bai wuce cewa shinkafa tana da kyau in iska tana kaɗa ta ba. (Na rubuta waƙa uku a kan hakan.)

Kafin hutu malaminmu na tarihi ya ba mu aiki: kowa ya nemo wani tsohon kayan gida, ya gano sunansa da amfaninsa, ya yi rubutu shafi biyar a kai. Ƙawayena suka ce za su ari akushi ko ludayi wajen kakanninsu. Ni na raina wannan. Ina son abin da ƙasa ta rufe, abin da zan tono da hannuna in kaɗe masa ƙura, ya yi mini magana.

Kuma na san inda zan same shi. Bayan gari, gab da babbar hanyar ruwa, akwai wani ɗan tudu da ake kira kufai. A nan gidan kakanninmu yake tun kafin a ja hanyoyin ruwa mutane su tattaro su dawo bakin titi. Yanzu babu katanga, babu ɗaki, sai wata ɗinya guda da ɓaraguzan tukwane da ke fitowa in an yi ruwa. Wurin ya zama gona. Na san Baffa yana noma wani ɓangare, Baba Iro, ɗan ƙanen kakanmu, yana noma ɗayan. Ban taɓa tambayar daga ina zuwa ina ba. Wa ke tambayar irin wannan?

An gama yankan shinkafa, ba a fara gyaran gonakin albasa ba, wurin fayau babu kowa. Na ɗauki fartanya da dagi da littafina, na ce wa Inna Hajo, matar Baffa, zan je in ɗebo wa awaki tattakar shinkafa. Na tura baro na fita.

Rabin safiya ina tono a banza. Sai na lura da wani tushen gamba da shanu suka cinye har ƙasa, shi kaɗai a tsakiyar fili, gefen wani dutse ya ɗan leƙo a gindinsa. Na cire gambar, na tona. Rabin dutsen niƙa ne, tsakiyarsa ya lotse ya yi santsi. Na durƙusa na shafa shi, idona ya kawo ruwa. Hannun kakata, na ce, wadda aka sa mini sunanta.

Da na ɗaga kai sai na hango wani tushen gambar a gaba. Na je na tona. Tukunya ce ƙarama, an rufe bakinta da kasko, cike da gawayi. Washegari na koma, na sami na uku da na huɗu: dutsen guga irin na gawayi, tsatsa ta cinye murfinsa, da wani ƙarfe mai tsawon kamu biyu, da dunƙulen jan ƙarfe a kansa. Kowanne a ƙarƙashin gamba. Kuma dukkansu a jere, layi ɗaya miƙaƙƙe, daga ɗinya zuwa bakin ruwa.

Duk yaron da ya taɓa kai abinci gona zai gaya maka abin da gamba a jere take nufi. Ni ga abin da na rubuta a littafina: "Ɗakunan matan gidan a jere suke, suna kallon gabas. Ciyawa ta tsaya gadi a kan abin da mutane suka manta."

Malaminmu ya ce mai bincike na kirki yana barin wuri yadda ya same shi. Saboda haka na mayar da ƙasa cikin kowane rami, na daddanna da ƙafa, na share da reshe. Tushen gambar kuwa na watsa su cikin ruwa don kada su ɓata wuri. Na yi aiki mai tsabta, wannan kam ba mai musu. Na jera kayan a baro, na lulluɓe da tattakar shinkafa, na turo gida ina haki. Inna Hajo ta dube ni ta ce, "Kai, 'yar birni ta fara hankali. Allah ya yi miki albarka." Na ce amin. Na jira ta shiga madafa na tura su ƙarƙashin gadon ɗakin da nake kwana, domin ina so sai na wanke su na rubuta bayaninsu kafin kowa ya gani.

Bayan kwana biyu tarakta ta shiga kufai. Baffa da Baba Iro tare suke ɗaukar ta kowace shekara, direban kuma ya saba in ya ga gamba ya kauce mata. Bana bai ga komai ba, sai ya bi fili ya daidaita shi tas daga wannan gefe zuwa wancan.

Da yamma na ji hayaniya a zaure. Muryar Baba Iro ce a sama.

"Shekara nawa abin nan yana wurin? Shanu ne za su tone shi? Ko ƙafa ya yi ya tafi?"

"Iro, ka sassauta murya, akwai iyali a ciki."

"Su ji mana! Malam Sale, bara ma sai da ka ce fangalinka na ƙarshe ya matse. Bana ga shi ya sami fili."

Wannan "Malam Sale" ya fi komai ba Inna Hajo haushi, domin tun suna yara Yaya yake ce masa. Ita ce ta yi mini bayani tana buga tukwane: an cire iyakar gona. Bayan rasuwar kakanni sai da aka shekara uku ba a ga-maciji tsakanin gidajen biyu a kan kufan nan, kafin dattawa su raba, a kafa iyaka. Yanzu iyakar ta ɓace, Baba Iro ya ce Baffa ne.

Na jinjina kai cikin tausayi. A raina, iyaka wani guntun siminti ne mai lamba a jiki, irin wanda nake gani a filayen Kumbotso. Na yi ta mamakin wanda zai iya ɗauke siminti ba a gan shi ba.

Kwana tara aka yi a haka. Mai unguwa ya hana kowa taɓa gonar sai an warware. Irin albasa ya isa dashe yana ta girma a inda aka yafa shi. Kwanon tuwon da ke zuwa daga gidan Baba Iro kowane dare ya daina zuwa, namu ma ya daina tafiya. Liman ya yi tafiya, aka tayar da salla, Baffa ya ƙi shiga gaba, ya ce a sa wani. Ni kuwa ina ɗaki da tsohon buroshi da ruwan omo ina wanke dutsen guga. Har waƙa na rubuta a kan kwaɗayin 'yan Adam, yadda 'yan'uwa ke ɓatawa saboda taki uku na ƙasar da za ta haɗiye su duka. (Waƙar ta yi kyau. Wannan ne ya fi ciwo.)

A ƙarshe mai unguwa ya yanke: ranar Juma'a bayan la'asar Baffa zai dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse cewa ba shi ya cire iyakar ba, bai sa an cire ba, kuma babu hannun kowa na gidansa. Baffa ya ce ya yarda. Ya shigo gida bai ci abinci ba.

Ranar Alhamis da hantsi hasken tsakar gida ya yi kyau, Inna Hajo ta tafi barka. Na ga lokaci ya yi da zan ɗauki hoto. Na shimfiɗa tabarma, na jera kayana huɗu, kowanne da ɗan katin da na yi wa rubutu da jan biro. Ina durƙushe ina gyara waya sai na ji sallama. Gwaggo Delu ce, yayar su Baffa, ta zo daga Bunkure don ta shiga tsakani. Tsohuwa ce gajeriya, ba ta da haƙoran gaba, kuma ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba.

"Gwaggo, sannu da zuwa! Kin zo a daidai. Zo ki ga abin da na samo."

Ta ƙaraso, ƙullin kayanta na kanta. Ta dubi tabarma. Ta daɗe tana dubawa. Na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

"Ke 'yar nan, menene wannan farar takarda?"

"Bayani ne, Gwaggo. Na gano kowanne."

"To karanta mini."

Na gyara murya. Na fara da tukunya: "Ma'ajin gawayin turaren wuta. Amarya ta tanada don ƙamshin ɗakinta."

"Uhm. Wancan fa?"

"Kan sandar girma. Alama ce cewa gidanmu ya taɓa riƙe sarauta."

Gwaggo ta sauke ƙullinta a hankali ta ajiye. "Ƙafar gado ce."

"Na'am?"

"Ƙafar gadon Innarmu ce, mai rumfa. Ni na karya ta, ina tsalle. Na sha duka a kanta. Sarauta! Gidan namu da ko mai unguwa ba mu taɓa yi ba." Ta nuna tukunyar da ƙafa. "Wannan ta dafa wa kaji dusa ce. Gawayin kuma an zuba ne don ba ya ruɓewa, ko shekara ɗari aka tona a gan shi. Gugar nan ta wani tela ce da ya zauna a zaurenmu, ya ƙone rigar Babanmu ya gudu ya bar ta. Dutsen kam na Innarmu ne, kin ci wannan. Daga kan jaki ya faɗo ranar da muka tashi daga kufai." Sai ta juyo ta kafa mini ido. "A ina kika same su?"

"A kufai. Abin mamaki, Gwaggo, kowanne a ƙarƙashin gamba, a jere kamar..."

Ban ƙarasa ba. Na ji maganar tawa da kunnena, ta shiga ta zauna.

"Ina gabansu aka binne su," in ji Gwaggo. "Ni na zaɓo su ma, don kayan gidan ne, babu wanda zai ce bai san su ba." Ta ɗaga murya, wadda dama a ɗage take. "Sale! Sale! Shigo ka ga ɓarawon iyakarka, ga shi nan da jan biro!"

Baffa ya shigo daga zaure da carbi a hannu. Ya dubi tabarma, ya dube ni, ya sake duban tabarma. Bai yi faɗa ba. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna.

"Uwata, tun yaushe suke gidan nan?"

"Kwana goma sha ɗaya, Baffa."

"A ina?"

"Ƙarƙashin gado."

Ya yi salati ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Gobe da na dafa Alƙur'ani na ce babu hannun kowa na gidana."

Da mari ne da na fi so. Na fara kuka, na ce a bari in mayar da su yanzu ba wanda ya sani. Gwaggo ta ce ai ba ta ga ramin da zan mayar da su ba, tunda na iya shara. Baffa ya miƙe ya ce, "Ɗauko baron. Kada ki rufe da komai."

Daga gidan Baffa zuwa ƙofar mai unguwa ba nisa, amma ranar hanyar ta yi mini kamar daga nan zuwa Kano. Baffa a gaba, ni a tsakiya da baro yana ƙara, Gwaggo a baya tana yi wa duk wanda muka gamu da shi bayani tun bai tambaya ba. Masu wankin buhu a bakin ruwa suka bar wanki. Mai shayi ya biyo mu da ludayinsa a hannu. Kafin mu isa an aika an kira Baba Iro.

Na durƙusa na gaida mai unguwa. Gwaggo ta zube katunan a gabansa (ban san ta kwaso su ba). Ya ɗauki ɗaya, ya nisanta shi da ido, ya karanta a fili: "Kan sandar girma." Ya dubi ƙafar gadon. Ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Jama'a ba su da hannun rigar da ya kai nasa, sai suka saki dariyarsu a fili.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Baffa da Baba Iro. Baba Iro ya tsuguna yana juya dutsen gugar, ya ce, "Har wanke shi ta yi." Can ya ɗago. "Ranka ya daɗe, na ce Malam Sale ne, ashe ba shi ba ne. Na yi kuskure. Amma dai a rubuta, daga gidansa aka fito da su."

"Haka ne," in ji Baffa. "Daga gidana."

Mai unguwa ya share ido ya ce to, magana ta ƙare, babu rantsuwa. Saura a mayar da kowanne mazauninsa. Ya juyo gare ni. "Malama, ke da kika yi karatu, ai kin rubuta inda kika tono kowanne?"

Na ce na rubuta. Wallahi har wani ɗan ƙarfi na ji ya dawo mini. Aka ɗunguma zuwa kufai, na tsaya a gaban dattawan gari a filin da tarakta ta mayar kamar faifai, na buɗe littafina.

"Na farko," na karanta, "a inda inuwar ɗinya take ƙarewa."

"Inuwar yaushe?" in ji Baba Iro. "Ta safe ko ta azahar?"

Ban rubuta ba.

"Na biyu fa?" in ji mai unguwa.

Na dubi shafin. Na so in ce ruwa ya ɓata rubutun, amma mai unguwa yana leƙe ta kafaɗata. Na karanta da ƙaramar murya: "Kusa da inda wata balbela ta tsaya tana kallona."

Wani daga baya ya ce a nemo balbelar ta ba da shaida. Gwaggo ta ce a rufe littafin nan haka, kada a ji na uku.

Aka kawo igiya. Baffa ya nuna inda yake jin layin ya bi, Baba Iro ya nuna nasa. Tsakanin wuraren biyu akwai faɗin fangali ɗaya, wato jeri guda na kwamin albasa, tun daga ɗinya har bakin ruwa. Kowannensu da gaskiyarsa yake faɗa, don shekaru sun yi nisa, kuma gambar da suke dogara da ita tana can ta bi ruwa ta nufi gonakin wasu. Mai unguwa ya ce a raba biyu. Baffa ya girgiza kai.

"A ja igiyar inda Iro ya ce. Gidana ne ya yi ɓarnar."

"Yaya, ba haka nake nufi ba," in ji Baba Iro. Karon farko ke nan da ya ce Yaya cikin kwana tara.

"Na sani. A ja."

Aka ja. Baba Iro ya yi ta murza hula, amma bai ce a fasa ba. Aka miƙo mini dagi. Ni na haƙa ramukan huɗu, rana tsaka, gari yana kallo kuma yana gyara mini riƙon dagi. Na sa dutsen, na sa tukunyar, na sa gugar, na sa sandar girman gidanmu. Aka nemo sabuwar gamba na dasa a kan kowanne. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, ba wanda ya ce sannu, ni ma ban nema ba.

A hanyar dawowa na rage tafiya har na jera da Baffa. Na ce ya yafe mini, na ce zan gaya wa Babanmu ya san abin da za a yi game da jerin da ya rasa.

"Kada ki gaya masa komai, Gwaggonki za ta riga ki," ya ce. Ya yi 'yan taku. "Jeri ɗaya na albasa, Uwata. Da Delu ta makara da kwana ɗaya, abin da zan rasa ba a auna shi da igiya."

Daren nan kwanon tuwo ya zo daga gidan Baba Iro, da miyar kuɓewa. Inna Hajo ta buɗe ta duba ta ce gishiri ya yi yawa kamar kullum, ta zuba nata ta mayar.

Da aka cire albasa, ina makaranta, sai ga saƙo ta hannun direban motar garinmu: rabin buhu, daga Baba Iro. Ya ce a gaya wa Malamar tarihi daga jerin nan ne, kuma in tana da wani binciken, akwai iyakarsa ta yamma da shi da Alhaji Bala, ita ma ta ɗan matse shi.

Mun ci albasar har ta fara tsiro. Abin da na koya kuwa bai kai shafi biyar ba: ba duk abin da ke cikin ƙasa ne ya ɓata ba, wani ajiye shi aka yi, kuma yana bakin aikinsa. Yanzu in na ga tsohon abu ya leƙo daga ƙasa, nakan tsaya in gaishe shi daga nesa, in je in tambayi tsohuwar da ta fi kusa.